Rafia Mai Zaure

Gini ɗaya muka zauna da Rafia a unguwar Mount Hope da ke Bronx, a New York, ni a hawa na biyu, ita a na biyar, can ƙarshen bene inda ruwan zafi ba ya isa sai an yi ta lallashin famfo. Sunana A'i, daga Maraɗi nake, ina da tebur a titin 125 a Harlem inda nake sayar da man kaɗe da turare. Maigidana Abdul-Karim ɗan zangon Kumasi ne, direban tasi. Ta wajensa na shiga cikin mutanen Gana har kunnena ya saba da Hausarsu, wadda a cikinta mace da namiji duk "ya zo" ne. In na tsokane su sai su ce mu 'yan Nijar rabin bakinmu Faransanci ne, mu je mu gyara namu tukuna.

A zangon Kumasi aka haifi Rafia. Uwarta ta rasu tun ba ta iya ɗaura zane ba, ubanta kuwa yaron motar goro ne, yau yana arewa gobe yana kudu. Wata maƙwabciya mai sayar da koko da ƙosai, Mma Abiba, ita ta ɗauke ta ta haɗa da 'yarta Fusena, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Da aka haifi autan gidan, Sumani, a bayan Rafia ya girma. Waɗannan ukun su ne danginta a duniya. Amma ta san ba ciki ɗaya suka fito ba, kuma duk rayuwarta kaffa-kaffa take yi kada wata rana a tuna mata. Ko kyauta za ta yi wa Fusena sai ta wuce misali, ko faɗa suka yi ita ce mai fara ba da haƙuri. Na sha ce mata ta rage, ba a sayen zumunci. Sai ta yi dariya ta canza zance.

Aure ne ya kawo ta New York. Auren bai yi ƙarko ba, ba a samu haihuwa ba, mijin ya tattara ya koma Ohio ya bar ta da hayar ɗaki. Daga baya Fusena ta zo da mijinta, suka sauka layi biyu tsakaninmu, sannan Sumani ya biyo, ya kama tuƙin koriyar tasi. Ita Rafia aikin kula da tsofaffi ta samu a Staten Island. Kullum jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, sannan jirgin ruwa zuwa St. George, sannan bas, don ta je ta wanke wata tsohuwar Baturiya, ta ciyar da ita, ta juya ta a gado.

Ku bar ni in faɗi abin da ke ba ni haushi da mutanenmu. Mace in ba ta da miji a hannu kuma ba ta da ɗa a baya, to a wurin taro matsayinta ɗaya ne, kicin. Duk suna, duk awure, kamar yadda 'yan zango ke kiran bikin aure, duk adu'ar mamaci, za ki tarar da Rafia a gaban tukunya, hannu cikin kumfa, masu gwala-gwalai suna can gaba ana kiran sunayensu a lasifika. Ba wanda ya tsane ta, ba a ganinta ne kawai, kuma a wurina gara tsana da wannan. Shekaru ta yi a haka ba ta taɓa ƙorafi ba.

Wajen 2012 ta buɗe shafinta na intanet. Ta yi sakandare a gida, hannunta na rubutu da kyau, Turanci da Hausa. Ta sa masa suna Zauren Zango. A cikin jirgin ruwan nan take rubutawa, da wayarta, tana tafiya tana dawowa. Sanarwar suna, lokutan sallar Idi, inda ake samun naman akuya na halal, wanda ke neman abokin haya. Abu mai amfani, amma ba kowa. Akwai wani ɗan layi a wayarta da ke nuna mata yawan waɗanda suka shiga a rana, kuma watannin farko mu ne dai, ita da Fusena da ni. Har teburina take zuwa ranar hutunta, ta karɓi wayata ta buɗe shafin, ta karɓi ta mai sayar da hula a gefena ta buɗe, don layin ya ɗan motsa. Nakan ce mata wannan ai ke kika dafa, ke kika ci, ke kika yaba wa kanki.

Sai ta shiga wani ajin kyauta da ake yi a laburaren unguwa, ta dawo da sabon baki.

"Anti A'i, matsalata keywords ne," ta ce mini wata rana, muna ƙulla man kaɗe a roba.

"Wace cuta ce kuma wannan?"

"Google kamar ɗan kamasho ne a tasha. Fasinja ya zo ya ce Tamale zai je, motar da ya ji ana kiran Tamale a bakinta ita zai kai shi. In ba ki kira sunan garin ba, za ki wuni mota wayam."

Daga nan ta fara kiran sunan gari. Kowace sanarwa sai ta cusa Bronx, Harlem, Nima, Kumasi, zango. Sunan mutum ɗaya sai ta rubuta shi ta duk yadda ake rubuta shi, Fusena, Fuseina, Husaina, don duk ta inda ɗan'uwa ya nema daga gida ya faɗo hannunta. A Facebook kuwa malamin ajin ya koya musu kada su zube labari gaba ɗaya. "Ƙamshin kawai za ki sa a Facebook," in ji ta, "abincin yana website. In kin ƙosar da su a bakin ƙofa, wa zai yi click ya shigo?" Na ce wannan rowa ce da aka yi wa kwalliya. Ta ce haka sana'ar take.

Layin ya fara ɗagawa, amma abin da ya ɗaga shi sosai mutuwa ce. Wani tsohon tela ya rasu, ta sa hotonsa da sunansa da lokacin jana'iza. Kafin a kai shi makwanci mutane sun shiga daga Accra, daga Jamus, daga Jidda, dubbai. Ta gane cewa ɗan zango zai iya wuce labarin suna, zai iya wuce na awure, amma ba ya wuce "Inna lillahi". Kuma ba zan ci amanarta ba, ta yi aikin da kyau. Mutane suka daina rasa jana'iza don ba su ji ba. Wanda ya mutu ba shi da kowa, ta shafinta aka sha haɗa masa likkafani da kabari a New Jersey. Alhaji Tamimu, dattijon 'yan Kumasi a Bronx, da kansa yake ɗaga waya ya kira ta in an yi rashi.

Sunanta ya koma Rafia Mai Zaure. Aka fitar da ita daga kicin aka ba ta kujera a layin gaba. Ranar da mai lasifika ya fara kiran sunanta a wani awure, na waiwaya na ga tana gyara mayafi. Na yi mata murna har cikin raina. Mma Abiba ma daga Kumasi tana fahariya da ita, tana ce wa masu sayen koko 'yarta ce ke ba Amurka labari.

Amma ni mai tebur ce, na san fuskar wanda ciniki ya shiga wa jini. Ba kuɗi take samu ba, 'yan tallan da ke jikin shafin ko kuɗin waya ba sa biya. Layin nan ne ya kama ta. Tana cin abinci tana duba shi, kina mata magana idonta yana kansa. Ran da ya hau, har waƙa take yi a bene. Ran da ya sauka, sai ki rantse zazzaɓi ke damunta. Sannan wasu samari suka buɗe nasu shafukan a Facebook, ba su da aiki sai gaggawa, su kwashi hotunanta su manna a nasu. Wata rana ta rubuta sunan wani mamaci a Google ta ga nasu a sama, nata a ƙasa. Ta sauko ta nuna mini kamar an zage ta a bainar jama'a.

"Wanda ya fara post shi ake bi, Anti. In sun riga ni sau uku, an manta da ni."

"To a manta mana. Ke gawa kike tsere a kai?"

Na san maganar ta yi mata zafi, don kwana biyu ba ta tsaya a ƙofata ba.

Akwai al'adar da 'yan zango ba sa wasa da ita, mu ma a Maraɗi haka ne. Wanda ya mutu a baƙon wuri, ba a faɗa wa uwarsa a waya. Ana kiran dattawan gida, su sa riga su taka har tsakar gidanta. Su zauna, su gaisa, su tambayi kasuwa. Su ce an ce yaron ba ya jin daɗi. Su dakata har mata su taru su zauna kusa da ita, wata ta riƙe kafaɗarta. Sannan a faɗa. Kafin nan duk wanda ya sani a nan bakinsa a rufe yake, ko uwar ta kira ba ya ɗauka. Rafia ta san wannan fiye da ni. Duk sanarwar da ta taɓa sawa, sai da Alhaji Tamimu ya kira ya ce mata "an isar" sannan take sakinta.

Wata safiya cikin sanyin farkon 2016 aka tarar da Sumani a cikin motarsa a gefen titi a Bronx, injin na aiki, kansa a kan sitiyari. Zuciya ce ta tsaya. Bai kai arba'in ba, yaro mai fara'a, wanda in ya gan ni da kaya a hanya sai ya tsaya ya ɗauke ni ko da fasinja a ciki. Wani direba ne ya gane motar ya kira Alhaji Tamimu, aka ɗauki Fusena zuwa asibiti.

Rafia tana cikin jirgin ruwa, sun bar gaɓa, kiran Alhaji ya shigo. Ya faɗa mata a hankali, sannan ya ce, "'Yata, ki riƙe. Kada ki sa suna, kada ki sa hoto. Kawunsu yana Techiman, ya kamo hanya, sai wajen magariba zai shiga Kumasi. Kin san Mma da hawan jini."

Ta ce, "To, Baba Alhaji."

Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji shi, da daɗewa bayan haka. Ta ce ta zauna a bencin jirgin tana kuka, Turawa suna kallonta suna kau da kai. Jirgi ba ya juyawa don ƙanin wani ya mutu, kuma tsohuwarta tana can a kwance tana jira, ba mai canjinta. Ba wanda za ta rungume, ba abin da ke hannunta sai waya. Sai ta ga a wani rukunin WhatsApp ɗaya daga cikin samarin nan yana tambaya, wai gaskiya ne wani direba ya mutu. Ta ce tsoro ya kama ta, in su suka fara sawa, da suna da hoto za su sa. Wannan dalilin yana ciki, na yarda. Amma na san Rafia, ba shi kaɗai ba ne. Ba za ta iya jure a ce mutuwar yaron da ta goya, a shafin wasu aka fara jinta ba, kuma yatsunta sun riga sun saba.

Ta rubuta da Turanci da Hausa: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wani matashin direban tasi ɗan zangon Kumasi ya rasu a cikin motarsa a Bronx yau da safe. Ku shiga Zauren Zango domin ƙarin bayani." Ba suna, ba hoto. A ganinta ba ta taka maganar Alhaji ba. Ta tura a Facebook da WhatsApp, jirgi ya tsaya a St. George, ta jefa wayar a jaka don ba a yarda su riƙe waya a bakin aiki ba, ta tafi ta wanke tsohuwarta.

A daidai lokacin maigidana yana sauke mini kwali a titin 125. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya ga mahaifiyarsa ce. Ina tsaye nake jiyo kururuwarta daga Kumasi.

"Mma, ni ne. Ni ne wallahi. Lafiyata lau, ga A'i ma a gabana."

Ba ta yarda ba sai da ya miƙo mini na rantse mata. Kafin mu gama, wata tasi ta tsaya a bayanmu, direban na ciki yana faɗin irin maganar da maigidana ya faɗa. Ranar nan duk Bronx da Harlem direbobi sun yi ta fakawa a gefen titi suna rantse wa iyayensu cewa suna da rai. Abin da Rafia ba ta tsaya ta tuna ba ke nan. A zangon Kumasi kusan kowane layi akwai gidan da ɗansu ke tuƙin tasi a Bronx. Da a ce ta sa suna, da gida ɗaya ta kashe. Da ta ɓoye, sai ta kashe kowane gida har sai an ɗauki waya.

Surukata layi ɗaya suke da Mma Abiba, ita ta ba mu labarin abin da ta gani. A can rana ta yi tsaka ta fara juyawa. Mata suka fito lungu, wasu ko mayafi babu, kowacce da waya a kunne. Ɗaya bayan ɗaya kowacce ta ji muryar ɗanta, ta yi hamdala, ta share hawaye. Mma Abiba tana zaune a ƙofar gida tana wanke geron kokon gobe. Aka buga mata lambar Sumani. Tana shiga, ba a ɗauka ba, wayar tana cikin leda a asibiti. Aka sake, aka sake. Matan da hankalinsu ya kwanta ba su koma gida ba, suka tsaya suna kallonta, ba wadda ta iya matsawa kusa.

Mma Abiba ta ce a kira Fusena. Fusena tana ganin kiran, amma an ce mata kada ta ɗauka sai an isar, ta kifa wayar a cinyarta tana kuka. Tsohuwar ta ce a kira Rafia. Ta Rafia tana cikin jaka a rataye a bayan ƙofar Baturiya.

Surukata ta ce tsohuwar ta tsame hannunta daga ruwan gero, ta goge a zane, ta ce, "'Ya'yana uku, babu wanda ya ɗauka." Ta yunƙura ta miƙe, sai ta tafi ta gefe ɗaya ta faɗi a kan kwatami. Kawun yana kan hanya bai iso ba, dattawan da aka shirya kuwa ko riga ba su sa ba.

Da Rafia ta samu hutun rana ta buɗe jaka, abu biyu ta gani. Layin nan ya tashi tsaye, tun da ta buɗe shafin ba a taɓa shiga kamar ranar ba. A ƙarƙashinsa kuma kiran Mma ne a jere.

Da la'asar sakaliya muna zaune a falon Fusena, mata cike har bakin ƙofa, sai ga Rafia. Idonta ya kumbura, rigar aikin ma ba ta cire ba. Ta tsallake ƙafafun mutane ta durƙusa a gaban Fusena ta kai hannu za ta riƙe ta. Fusena ta janye gwiwarta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Me ya kawo ki? Picture kika zo ɗauka?"

"Fusena, ban sa suna ba. Wallahi ban sa suna ba."

"Ba ki sa suna ba," in ji Fusena. "Mma ya faɗi a kan gota kamar kaza. Yana hospital, bakinshi ya karkace, ba ya gane kowa. Ke kuma ba ki sa suna ba."

"Na ji tsoro yaran nan za su yi post da hoto."

"Views nawa kika samu?"

Rafia ta sunkuyar da kai. Wata tsohuwa ta ce a yi haƙuri, gawa ba a binne ba. Fusena ta kalli Rafia daga sama har ƙasa, ta ce, "Da uwarki ne, da kin jira."

Na ga maganar ta shige ta. Abin da ta yi shekara arba'in tana kauce masa ke nan, aka faɗa mata shi a gaban mata cike da ɗaki. Ta miƙe a hankali, ta sake tsallake ƙafafun, ta daɗe a bakin ƙofa tana neman takalminta cikin na mutane. Ni kuwa ji na yi kamar in mari su biyun, ita don abin da ta yi, Fusena don ta san sarai inda za ta soka. Ban mari kowa ba, na ci gaba da jan tazbaha kamar sauran.

Alhaji Tamimu ya gamu da ita a bene yana hawowa. Maigidana yana bayansa, shi ya ji. Ta fara cewa, "Baba Alhaji, ka ce suna da hoto," sai ya ɗaga mata hannu.

"Laifina ne, 'yata. Na ɗauka da 'yar gida nake magana, ba sai na lissafa miki komai ba."

Aka binne Sumani a New Jersey cikin ƙanƙara. Rafia ta goge sanarwar, ta rubuta doguwar neman gafara ta sa a shafin. Neman gafarar ta ja mutane fiye da sanarwar. Samarin nan suka kwashe ta suna yaɗawa, a ƙasanta mutane suna ta faɗa, masu zagi da masu karewa, waɗanda ko sanin Sumani ba su yi ba har da su. Duk wanda ya rubuta "direban tasi Bronx Kumasi" a Google, ita ce a sama, inda ta yi shekaru tana nema. Ta ce mini ta kalli layin yana hawa a kan ban haƙurinta, sai ta kifa wayar. A ranar ta rufe shafin, ta sayi 'yar ƙaramar waya mai maɓalli wadda ba ta komai sai kira.

Ba a kore ta daga ko'ina ba, mutanenmu ba sa kora. An daina gaya mata ne kawai. Suna, awure, rashin lafiya, duk sai ki ji an ce "kada dai Rafia ya ji". Ko kicin ɗin ba a sake kiranta ba. Ta nemi aikin kwana a gidan Baturiyar aka ba ta, sai ta yi wata ba ta leƙo Mount Hope ba.

Mma Abiba ba ta mutu a lokacin ba. Ta fito asibiti da rabin jiki, ba magana. Rafia ta yi ta kiran Kumasi, duk wanda ya ɗauka ya ji muryarta sai ya kashe. Sai ta koma aika kaya. Irin jinyar nan ita ce sana'arta, ta san abin da mai kwanciya ke buƙata: kunzugun manya, man shafawa na gyambon kwanciya, safar hannu, ledar shimfiɗa. Ta haɗa kwali ta kawo mini, in ba matafiyi ya kai wa surukata, ita kuma ta miƙa a ce daga wurina ne. Sau biyu muka yi haka. An karɓa, an yi mini godiya, na amsa godiyar da ba tawa ba.

Shekara ta zagayo, ana gab da azumi, Allah ya karɓi Mma Abiba. Wannan karon an bi al'ada, dattawa suka je gidan Fusena suka zauna suka faɗa mata. Kafin ta tafi filin jirgi ta riƙe hannuna ta haɗa ni da Allah kada in gaya wa Rafia. Na ce mata ba daidai ba ne. Ta ce uwarta ce. A kan wannan ba ni da abin cewa. Ta je ta dawo, aka yi adu'ar arba'in a wani zauren haya da ke ƙasan layinmu, aka ci, aka raba sadaka, aka watse. Duk azumin Rafia ba ta zo ba, jikin Baturiyarta ya yi tsanani.

Bayan ƙaramar salla, wata Asabar da hantsi, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ce, ta rame, rungume da kwali har haɓarta.

"Anti A'i, barka da salla. Na ji maigidan yana cewa kwanaki wani zai tafi gida. Wannan karon na samu cream mai kyau, wanda ba ya ƙona fata. Ki ce musu su riƙa juya Mma, kada su bar shi a gefe ɗaya."

Na tsaya riƙe da ƙofa. Alkawarin da na yi wa Fusena bai kai a ce in karɓi kwalin nan ba.

"Rafia, Mma ta rasu."

Ba ta saki kwalin ba. Ta ƙara ƙanƙame shi.

"Yaushe?"

"Kafin azumi."

Na ga tana lissafi a ranta. "An yi adu'a?"

"An yi."

"A Kumasi?"

"A can da nan. A zauren ƙasan layi."

Ta waiwaya ta kalli tagar bene, wajen da zauren yake, kamar za ta hango wani abu. "Fusena ne ya ce kada a gaya mini?"

"Ita ta roƙe ni. Amma mutum fiye da ɗari sun zo, Rafia, kuma kowa yana da lambarki."

Ta gyaɗa kai. Na ce ta shigo ta sha ruwa, ta ce a'a, ta gode. Ta tambaye ni ko na san wata tsohuwa a unguwa da kayan za su yi wa amfani, na ce zan tambaya. Ta ce to, in na samu in kira ta, wayarta kullum a kunne take yanzu. Sannan ta juya da kwalinta ta kama bene. Ina tsaye ban rufe ƙofa ba, ina jin ta tana tsayawa a kowane hawa kafin ta ci gaba.